Idan An Sauke Injin Motar Ƙungiya, Nawa Za A Saye Ta?

'Yan uwa mata, wannan bayani na ƙungiyoyin da suka tara kuɗi har suka sayi mota ko Adaidaita Sahu suka ba direba yana kawo balas ne, da waɗanda ke shirin yin haka. Ni ce ma'aji a tamu ƙungiyar, kuma abin da zan faɗa sai da muka sha wuya kafin muka gane shi.

Mun sayi Golf ta hannu tana jigilar fasinja. Wata rana direba ya bugo waya ya ce inji ya buga a hanya. Bakanike ya duba ya ce sai an sauke shi. Muka ɗebi kuɗi a akwati aka gyara. Da lokacin rabo ya zo, mata biyu suka ce za su fita, a ba su kasonsu har da na mota. Sakatariyarmu, baiwar Allah, ta haɗa kuɗin saye da kuɗin gyara, ta ce ga darajar mota. Da muka kira dillali ya yi mata kuɗi, ko kuɗin sayen bai kai ba. Aka yi ta cacar baki, har wata ta ce an haɗa baki da dillali. Wallahi ba a haɗa ba, lissafinmu ne ya karkace.

Ga yadda abin yake. A ce lafiyayyar mota irin taku ana sayar da ita naira 3,000,000. Ranar da inji ya buga, darajarta ta faɗi, a ce zuwa 2,200,000, domin mai saye zai cire kuɗin gyara, ya cire na wahalarsa, ya kuma cire na abin da bai gani ba tukuna. To kun kashe 500,000 kun gyara. Motar fa ba ta zama ta 3,500,000 ba. Ta dai komo kusa da inda take a da, galibi ma ƙasa kaɗan. Kuɗin gyara rami ya cike, bai ɗora komai a sama ba.

Me ya sa ƙasa kaɗan, alhali an sa sababbin kaya? Saboda mai saye ba ya ganin cikin inji. Ba shi da tabbacin ringin da aka sa mai kyau ne ko jabu, bai kuma san hannun da ya ɗaura ba. Shi ya sa za ku ji dillali yana tallar mota da cewa ba a taɓa sauke injinta ba. Bakaniken mai saye kuwa zai leƙa ya ga kan notuna ya sha sifana, ya ga gam a bakin inji, nan take ya gane. Sannan zai tambayi kansa me ya kashe injin. Yawanci abu biyu ne: ko mota ta yi zafi direba ya ci gaba da tafiya, ko an bar ta ba baƙin mai. Direban da ya yi wa inji haka, ai giya da ƙafafu ma ba su tsira ba. Wannan zargin shi ma kuɗi ne, daga aljihunku zai fita.

Gyaran ma ba ɗaya ba ne. Canza gaskit na saman inji, in an yi da wuri, bai cika taɓa farashi sosai ba. Sauke inji a canza ringi da fistan, a kai kiranshaf wajen masu gogewa, shi ne masu saye suka fi ɗari-ɗari da shi. Akwai kuma sa wani injin gaba ɗaya, wanda ake kira ɗan Beljiyam, irin da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Masu saye da yawa sun fi natsuwa da shi a kan wanda aka buɗe. Ni ma in kuɗin bai yi nisa da juna ba, shi zan zaɓa. Amma ku tuna shi ma tsoho ne, ya yi aiki a wata ƙasa. Ku sa mai sayarwa ya rubuta a rasit kwana nawa ya ba ku na gwaji. Kuma lambar inji tana cikin takardun mota. In an canza inji, a je ofishin lasin a gyara ta. Motar da lambarta ta saɓa da takarda, mai saye zai karya kuɗinta ko ya gudu.

Kafin ku buɗe akwati, ku nemo lambobi uku: nawa za a saye ta a yadda take, nawa ne gyaran duka har da kuɗin aiki, nawa za a saye ta bayan gyara. Ku tambayi dillalai biyu da ba su san juna ba. In abin da gyara zai ƙara bai kai abin da zai ci ba, kuma dama sayarwa za ku yi, ku sayar a haka. In kuwa za ta ci gaba da aiki, to balas ne zai maido kuɗin, sai ku ƙirga wata nawa zai ɗauka, har da kwanakin da za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi.

Ranar sayarwa kada ku ɓoye gyaran. Ɓoye aibin haja haramun ne, kuma shuɗin hayaki a salansa zai tona asirin injin da ke shan mai. Abin da zai taimake ku shi ne rasit na kowane kaya, da ranar da aka yi aikin, da shafin da ke nuna duk lokacin da aka yi juyen mai.

Mu yanzu a littafinmu, gyaran mota yana shafin kuɗin da aka kashe, ba ya shafin kadara. Kowane mako muna ware wani abu daga balas a ambulan dabam saboda gareji, kuma sati biyu kafin rabo ake kiran dillalai su yi wa motar kuɗi a gaban kowa, sakatariya ta rubuta, mata uku su sa hannu.