Man Riɗi A Kunne: Abin Da Masu Maganin Indiya Suka Gano

Da yawa daga cikinmu mun taɓa dawowa daga gidan biki, mu kwanta, sai mu ji kunne yana "wiii" alhali babu abin da ke ƙara. Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Tun shekaru aru-aru masu maganin gargajiya na Indiya, wato Ayurveda, suka san ta, suna kiranta karnanada. Kurumta kuwa badhirya suke ce mata.

Littafinsu mai suna Sushruta Samhita ya lissafa cututtukan kunne har 28. A fahimtarsu, abubuwa uku ke tafiyar da jiki: vata da pitta da kapha. Vata ita ce iska, kuma idan ta yi yawa ta shiga hanyoyin ji, sai ƙara ko kurumta ta biyo baya. Tunda suna ganin iska sanyi da bushewa gare ta, sai su yaƙe ta da ɗumi da maiƙo. Sukan kwantar da mutum ta gefe, su cika masa kunne da man riɗi mai ɗumi na ɗan lokaci. Wannan shi ne karna purana. Har yau ana yin sa, kuma a 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum mai kula da irin waɗannan magunguna.

To, yana aiki kuwa? Idan dattin kunne ne ya taru ya toshe hanya, mai yana tausasa shi, ji ya inganta. Amma can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Man da aka zuba ba ya kai wa can, domin dodon kunne ya tare shi. Idan kuwa dodon ya huje, ko kunne yana zubar da ruwa, zuba mai na iya ƙara ta'azzara ciwon.

Nan ne abin ya shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Don haka mu rage ƙarar iyafis, mu riƙa hutar da kunne, mu nisanci bakin lasifika. Idan ƙarar ta ƙi tafiya, ko ji ya ragu farat ɗaya, mu faɗa wa iyayenmu a garzaya asibiti, kada mu ɗiga komai tukuna. Rigakafi dai ya fi magani.