Zushi: Yadda Ɗakin Bauta Ya Ƙanƙance a Japan

Addinin Buddha ya shiga Japan daga Koriya a ƙarni na 6, kuma ba a daɗe ba masassaƙa suka fara ƙera zushi, wato akwati mai ƙofofi da ake ajiye gunki a ciki. Na Tamamushi da ke haikalin Horyuji, aikin ƙarni na 7, ya fi mutum tsayi, an ƙawata shi da fukafukan wani ƙwaro masu ƙyalli. Daga baya aka riƙa yin ƙanana, har da wanda tafin hannu zai rufe.

Dalili na farko shi ne tafiya. Malaman addinin da masu ziyarar wurare masu tsarki ba sa son rabuwa da abin bautarsu a hanya. A dutsen Koya akwai wani guntun itacen sandal da ake cewa malami Kukai ne ya zo da shi daga Sin a 806. An tsaga shi gida uku, an sassaƙa Buddha da mabiyansa a ciki. In an naɗe shi sai ya koma ɗan kututture.

Dalili na biyu siyasa ce, kuma shi ya fi nauyi. Bayan gwamnatin Tokugawa ta haramta Kiristanci a 1614, an tilasta wa kowane gida yin rajista da wani haikali. Wannan ya taimaka wajen yaɗa butsudan, akwatin ibada na cikin ɗaki, inda ake kunna turare a ajiye wa magabata shinkafa.

Sakamakon ya zo da fuska biyu. Ibada ta sauko hannun manomi da ɗan kasuwa, masassaƙa suka samu ciniki. Har Kiristocin da suka ɓuya sun ci moriyar abin, suna girmama Maryamu a siffar Kannon, ɗaya daga cikin abubuwan bauta na addinin Buddha. Amma abin da ke da sauƙin ɗauka yana da sauƙin sayarwa. Da gwamnatin Meiji ta raba addinin Shinto da na Buddha a 1868, haikalai da dama suka rushe ko suka talauce, kayansu suka faɗa hannun dillalai. Shi ya sa a yau ake ganin irinsu a gidajen tarihi na Boston da Paris.

Ƙanƙancewar ba ta tsaya ba. Gidajen Tokyo matsattsu ne, iyalai sun ragu, don haka masu ƙera butsudan suka koma yin wanda zai zauna a kan kanta. Haikalan karkara kuwa suna rasa gidajen da suka saba ɗaukar nauyinsu.