Tsohuwar Motar Lantarki a Ƙasar Yawuri: Riba a Takarda, Batir a Rana

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa hirar motar lantarki ta baro Abuja ta iso tashar Yelwa. Sabuwa dai ta fi ƙarfin talaka, don haka ido yana kan ta hannu, wato 'yar Kwatano.

Lissafin yana da daɗin ji. Ƙaramar motar fetur kan sha kamar lita 8 a kilomita 100, naira dubu takwas ke nan in lita tana dubu. Ta lantarki kan ci kamar yunit 16, ko da a farashin naira 225 da aka ɗora wa 'yan rukunin A na masu amfani da wuta a Afrilun 2024 bai kai dubu huɗu ba. Ba juyen baƙin mai, ba sauya fulogi. Gwamnati kuma ta cire mata harajin VAT a 2024.

Sai dai mai sayen tsohuwar motar lantarki batir yake saye, sauran jikin rakiya ne. Batir yana tsufa kamar na waya, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010 kuma take cikin masu araha a kasuwar gwanjo, batirinta ba shi da ruwan sanyaya. Masu ita a Arizona ta Amurka sun koka da yadda ya zube da wuri. To ina ga bazarar Yawuri, inda zafi kan wuce digiri 40 a Maris da Afrilu? Leaf ta farko ko tana sabuwa da ƙyar take wuce kilomita 120. Daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi ta Koko da Jega kuwa tafiyar kusan kilomita 200 ce. Kuma a motar fetur bakanike kan saurari inji ya gane lafiyarsa. Lafiyar batir sai da na'ura, dillali kuwa ba zai faɗa maka ba.

Sai maganar wuta, wadda ta fi ciwo. Tafkin da ya cinye tsibirai da gonakin Gungawa a 1968 shi ne ke juya injinan Kainji masu ƙarfin megawat 760, amma mutumin Wara ko Shanga ya san kwana nawa yake yi ba Nepa. Wanda zai yi cajin mota da janareto, fetur ɗin da yake gudu ne ya biyo shi ta bayan gida.

Shi ya sa a ganina hasken rana ne mafita, ba layin Kaduna Electric ba. Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt, ya nuna haka lokacin da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC, wadda yake shugabanta a lokacin, ta buɗe tashar caji ta sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato a 2021. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo, mai haɗa motocin lantarki, da ƙananan bas na cikin gari ya fara. Gajeren zango ne ke karɓar lantarki: babur ɗin kabu-kabu da Keke Napep masu jigilar albasa da kifi tsakanin bakin ruwa da kasuwa, waɗanda faifan sola kaɗan ke iya cika musu batir kafin la'asar.