Ɗana yana karatun jami'a cikin salula: gaskiya ne?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce: «Malam, ɗana ya samu bak. Na zaci Yamai zai tafi. Ga shi nan zaune gindin bedi, ido bisa salula, wai karatun jami'a yake. Gaskiya ne ko ruɗi na yake?» Aji duka aka yi dariya. Ni ban yi ba, don tambayar tana da nauyi.

Na ce masa: Baba, akwai irin wannan karatu. Kun san yadda ɗanku da ke ci-rani yake aiko muku da murya ta WhatsApp. To, hanyar da muryar ke bi ita ce intanet. Malamin jami'a yana ɗaukar darasinsa, murya da hoto da rubutu, ya sa cikinta. Ɗalibi ya buɗe da salula ko kwamfuta. In bai gane ba ya sake saurare, ko sau goma ne. Ya yi aikin da aka ba shi, ya aika ta hanyar nan.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1964 an fara koyar da yara ta talabijin a wasu azuzuwa. Babban malami yana Yamai, akwati yana aji, gefensa kuma ga mai kula da yara wanda karatunsa bai wuce na firamare ba, kamar ni.

Me ya sa ake neman wannan hanya yau? Tun da aka buɗe makarantar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ƴan bak sai ƙaruwa suke. A 2010 an kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara huɗu, amma har yanzu wuri yana ƙaranci. A 2020 kuma cutar korona ta sa aka rufe makarantu duka. Ƙasar Sanagal ma tun 2013 ta buɗe jami'a guda wadda karatunta ta intanet ake yin sa. Ta gina ɗakuna a garuruwa, da wuta da kwamfuta, inda ɗalibai ke haɗuwa.

Waɗannan ɗakuna su ne abin lura. Salula ba ta ci sai da wuta, garuruwanmu da yawa kuwa ba lantarki. Sai faranti mai ɗaukar hasken rana, irin aikin da marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba rayuwarsa. Bayan wuta sai rezo. Wani wuri sai ka hau tudu kafin magana ta shiga. Bayan rezo sai kuɗin kati, darasi mai hoto kuwa cin kuɗi gare shi. Ga damina: yaron da ya wuni yana noma da hauya, da dare barci ne zai kwashe shi. In kun yarda ya yi karatun, ku rage masa aiki, ko da awa biyu ne a yini.

Amma kafin ku sayar da rago ko buhun wake ku biya, ku yi tambaya uku. Wace jami'a ce? Ina ake jarrabawa? Gwamnati ta yarda da takardar da za a ba shi? Cikin intanet akwai macuta masu karɓar kuɗi su ba da takardar banza. Ku tafi da yaron wajen wani malamin lise ko na jami'a ya duba muku.

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce ran kasuwa zai zo da yaron, har da salular, mu gani da idonmu.