Dearborn: Garin da mutanen birni ke zuwa cin abinci

A Amurka, mazauna garuruwan bayan birni ne suka saba shiga cikin birni idan suna neman abinci na musamman. A Dearborn kuwa, dake maƙwabtaka da Detroit a jihar Michigan, mutanen birnin ne ke fitowa.

Garin yana da mutane kimanin 110,000, kuma ƙidayar 2020 ta nuna cewa fiye da rabinsu 'yan asalin Gabas ta Tsakiya ne ko Arewacin Afirka.

Masana'antar motoci ta Ford ce ta fara jawo Larabawa a farkon ƙarni na 20. Yaƙin basasar Labanan da ya ɓarke a 1975 ya ƙaro wasu, daga bisani 'yan Iraƙi suka biyo baya bayan yaƙin 1991. Kowane rukuni ya zo da irin girkinsa.

A kan titin Warren ne aka fi ganin haka, inda gidajen shawarma da gasasshen nama ke jere da gidajen burodi. Shagon Shatila, wanda aka kafa a 1979, ya yi suna wajen baƙlawa da sauran kayan zaƙi, yayin da gidan abinci na Al Ameer ya samu lambar yabo ta James Beard a 2016.

Sai dai jarin wannan kasuwa shi ne amana, domin mai saye ba shi da hanyar sanin yadda aka yanka naman dake gabansa. A 2013, kamfanin McDonald's da mai gudanar da wani reshensa a garin suka amince su biya dala 700,000 domin sasanta wata ƙara, wadda ta yi zargin an sayar da kazar da ba halal ba da sunan halal. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma 'yan watanni bayan haka ya daina sayar da kazar halal a garin.

A ɓangaren abin sha ne aka ga sauyi mafi girma. Akwai mashayu a yammacin garin, amma matasa Musulmi sun daɗe suna neman wurin hirar dare da babu barasa.

Gidajen gahawa na 'yan Yaman ne suka biya wannan buƙata. Ibrahim Alhasbani ya buɗe Qahwah House a 2017, yana sayar da gahawar Yaman, da shayin Adan mai madara, da kuma ƙishir, wanda ake dafawa da ɓawon 'ya'yan gahawa da citta. Irin waɗannan shaguna kan kai tsakar dare a buɗe, kuma tuni suka bazu zuwa New York da Texas.

A watan azumi kuwa, cinikin kan kai har lokacin sahur.