Inshora a Zangon Kumasi: Abin da Ya Nisanta Ta, da Abin da Ya Fara Kusanto da Ita

Ranar 21 ga Maris 2025, ana tsakiyar azumi, gobara ta tashi a sashen Blue Light na Adum cikin birnin Kumasi, ta lashe ɗaruruwan shaguna. Wata biyu da rabi kafin nan kasuwar Kantamanto ta Accra ce ta ƙone. A Maris 2023 wuta ta kama wani ɓangare na sabuwar kasuwar Kejetia, kamar yadda ta yi wa Babbar Kasuwar Kumasi ɓarna a 2009. Duk lokacin da haka ta faru abu ɗaya ake gani: manyan ƙasa su zo jaje, a yi alkawari, 'yan kasuwa su tsaya kan toka suna lissafin jarin da ya tafi. A cikinsu akwai mutanen unguwannin Aboabo, da Asawase, da Sabon Zango, da Akwatia Line, kuma ƙalilan ne suke da wata takarda da za su kai wani kamfani su ce a biya su diyya.

Wanda ya shiga aikin inshora yana saurayi a shekarun 1970, ya hau har ya zama manaja, ya yi ritaya, ya ga sana'arsa ta sake kama sau da yawa. Ya gaji harkar da kamfanonin Ingila suka kawo, tun zuwan Royal Exchange a 1924. Wataƙila ya fara ne a kamfanin inshora na gwamnati, SIC, wanda aka kafa a 1962 zamanin Kwame Nkrumah. Yana kan aiki dokar 1989 ta samar da hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, dokar 2006 ta raba inshorar rai da ta dukiya, sannan ta 2021 ta maye gurbinta. Duk da wannan doguwar tafiya, kuɗin da ake zubawa a inshora a Ghana bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Zango kuwa yana daga cikin wuraren da irin wannan ma'aikaci ya gama aikinsa bai shiga ba, sai dai ya ratsa ta titi a mota.

Masu harkar sukan ce jahilci ne, a wayar da kan jama'a kawai. Ban yarda ba. Mutanen da suka shekara fiye da ɗari suna kai goro Arewa suna sauko da shanu ba sa buƙatar a koya musu mene ne asara. Suna da nasu tsarin. Bafatake yakan sauka wurin mai gida, mai gida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa lamuni idan an ɗauki kaya bashi. In mai saye ya tsere, mai gida ne ke biya, domin sunansa shi ne jarinsa. Mata suna da adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira susu. Akwai ƙungiyoyin zumunta na gari da na ƙabila, akwai faifan gudummawa a masallaci, akwai ɗan'uwa a Jamus ko Amurka da za a buga wa waya. Wanda yake da waɗannan bai ga dalilin bai wa baƙon da ke Adum kuɗinsa duk wata ba, kuɗin da ba zai sake gani ba in shekara ta ƙare lafiya.

Sai batun addini, wanda shi ne ya fi fitowa a baki. Wasu na cewa inshora rashin tawakkali ce, amma malamai ba nan suka tsaya ba, tunda ɗaure raƙumi bai hana dogara ga Allah. Abin da suka kama shi ne siffar cinikin: ana biyan kuɗi a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, wato garari, yana kama da caca, kuma kamfani yana juya kuɗin a takardun bashi masu kuɗin ruwa. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta. Rabin farko na wannan hukunci ya iso Zango da wuri, ta bakin ɗaliban da suka dawo daga karatu. Rabi na biyu ya makara, don babu kamfanin da zai sa shi a aikace.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda ni a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne tabon da takarda ta bari. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice, iyalai da yawa na Zango suka sayar da gida da shago a wulaƙance. A 1982 aka janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. A 1983 hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100. Wanda ya yi shekara ashirin yana biyan inshorar rai ya karɓi kuɗin da ba zai cika masa buhun shinkafa ba. Lokacin da aka sauya kuɗi a 2007, tsohon sidi 10,000 ne ya koma sabon sidi 1. Na baya-bayan nan ma ba su gyara zance ba: rushewar kamfanonin DKM da Menzgold, da soke lasisin bankuna tsakanin 2017 da 2019, da sauya takardun bashin gwamnati da aka sanar a Disamba 2022, watan da hauhawar farashi ta kai kashi 54. Talaka ba ya rarrabe banki da kamfanin inshora da na zuba jari. Duk ofis ne mai gilashi da ya karɓi kuɗi. Shi ya sa ɗan Zango ya gwammace ya sayi fili, ko bijimi, ko ya ƙara ɗaki a gida.

Su ma kamfanonin suna da nasu laifin. Hajar da ta fi tafiya a inshorar rai a Ghana ita ce ta jana'iza, wadda aka ɗinka daidai jikin al'ummar da ke ajiye gawa makonni a asibiti kafin a yi taron binnewa mai cin kuɗi. Musulmi yakan binne mamacinsa a ranar, da likkafani da makara. Dillalin da ya shigo Aboabo da wannan haja ya kawo abin da ba a nema. Ga shi 'ya'yan Zango sun makara shiga boko, saboda iyaye na gudun makarantun mishan, har sai da aka kafa sashen ilimin Islamiyya a hukumar ilimi ta ƙasa a 1987. Saboda haka a teburin da ake tsara hajar, da wuya a sami mai jin Hausa.

Sauyin da ake gani yanzu ta ƙofa uku ya shigo. Ta farko tilas ce: tun 1958 doka ta wajabta wa mai mota inshorar wanda zai iya bugewa, direbobin da ke ɗauko albasa daga Nijar kuma sun san katin ECOWAS mai ruwan ƙasa. Tun 2020 ana iya duba sahihancin inshorar mota ta waya, abin da ya rage cinikin takardun jabu. Ta biyu ita ce inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 zamanin Kufuor. Duk da ƙorafin rashin magani, uwar da ta haihu a asibiti ba a ce ta ajiye kuɗi ba ta ga amfanin tara kuɗi wuri ɗaya da idonta. Ta uku wayar hannu ce, inda kamfanonin BIMA da aYo suka riƙa yankar 'yan kuɗi kaɗan daga katin waya. Sai dai da yawa sun shiga ba su san sun shiga ba, kuma wanda bai san yana da haƙƙi ba ba zai nema ba.

Babu ɗaya cikin ukun da ta taɓa kayan shago, alhali nan ciwon yake. Tsohon tsarinmu yana aiki ne idan masifa ta faɗa wa mutum ɗaya, sauran tara su ɗaga shi. Gobarar kasuwa kuwa tana cinye goman a dare ɗaya, har da uwar adashi da littafinta. Sakamakon ba ya tsayawa a bakin kasuwa: bashin dilan da ya ba da kaya ya maƙale, yaran shago su watse, a cire ɗa daga makaranta, dattijon da ya yi shekara talatin yana ciniki ya koma zaman jiran abin da 'ya'ya za su aiko. Dokar da ta wajabta inshorar gobara a kan gine-ginen kasuwanci ta fi duba ginin da mutanen da ke shiga cikinsa. Atamfar da ke kan kanta sai mai ita ya yi mata tata inshorar.

Maganin ba sabo ba ne. Sudan ta kafa kamfanin takaful, wato inshorar taimakekeniya, na farko a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, Najeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki a can. A takaful kuɗin da aka zuba gudummawa ce ga asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, abin da ya yi saura kuma ana iya mayar wa masu shi. Wannan ya yi kusa da adashi ƙwarai, sai dai yana haɗa ɗan Kumasi da ɗan Tamale da ɗan Nima a asusu ɗaya, yadda wuta ɗaya ba za ta cinye su duka ba. Amma sunan Larabci kaɗai ba zai wadatar ba. In aka ja wa mutum ɗaya rai wajen biyan diyya, Zango duka zai ji kafin la'asar.

Kirana ga sarakunan Zango, da limamai, da shugabannin 'yan goro, 'yan albasa da mahauta shi ne su zauna da hukumar inshora su nemi tsarin gobara na rukuni, wanda za a riƙa biya kullum ko mako-mako kamar zubin adashi, a bayyana sharuɗɗansa da Hausa. 'Ya'yanmu ƙalilan da suka yi wannan aiki har suka yi ritaya, su ya kamata su zauna a gaba, domin sun san inda ake ɓoye tarko a cikin takarda. A fara wannan zama kafin hunturu mai zuwa.