Garwashi Ya Ƙona Miki Kafet? Kada Ki Jefar

Uwargida, a nan Achida idan hunturu ya kama, kaskon turaren wuta ba ya barin ɗaki. Garwashi ɗaya kuwa ya isa ya huda kafet ɗin da iyaye suka wahala suka shimfiɗa miki. Kada ki jefar, addini ya hana almubazzaranci.

Ki sa reza ki yanke ƙonannen wurin mai kusurwa huɗu, ki yanko daidai girmansa daga ɓangaren da gado ya rufe. Ki tura ƙyalle mai kauri ƙarƙashin ramin, ki shafa gam, ki ɗora facin, gashinsa ya kwanta yadda na sauran ya kwanta. Ki danne da turmi ya kwana. Bakin da ya fara zarewa kuwa, basilla da zaren nailan sun wadatar.

Daga yau ki riƙa ɗora kaskon a kan faranti.